Neman diyyar VA kan ɗaukewar numfashi cikin barci: an ba shi CPAP shekara bakwai bayan sallama, ta ina za a fara?

Bakatsine_Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka. Wani ƙanenmu ya yi aikin sojan ƙasa daga 2009 zuwa 2017, ya je Kuwait da Iraƙi. A 2024 aka yi masa gwajin barci, aka ce numfashinsa yana ɗaukewa, irin na toshewar maƙogwaro, AHI ɗinsa (ma'aunin tsananin ciwon) 22, likita ya rubuta masa na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta takunkumin fuska don hanyar numfashi ta zauna a buɗe cikin barci. Yanzu VA na biyansa kashi 40 cikin 100: 30 na PTSD, wato ciwon damuwa da firgici bayan mummunan abin da mutum ya fuskanta, 10 na gwiwa. A takardun asibitinsa na soja babu inda aka ambaci wannan ciwo. Wasu sun ce tunda yana da na'ura kashi 50 a hannu take, ya cike fom kawai. Wasu sun ce ɓata lokaci ne tunda ba a gano ciwon yana cikin kaki ba. Wanne ne gaskiya?

Kofur_Ritaya:
Wa'alaikumussalam Malam. Kowannensu rabin magana ya faɗa. Amma kafin a shiga muhawara, yau ɗin nan ya shigar da sanarwar niyyar neman diyya, Fom 21-0966. Idan ya fara cike 21-526EZ, fom ɗin neman diyyar kansa, a shafin VA.gov ya adana, shi ma an rubuta masa niyya ke nan. Daga ranar yana da shekara ɗaya cif ya haɗa hujjoji, kuma in ya yi nasara daga wannan ranar za a lissafa masa ariyas, biya ya fara daga ɗaya ga watan da ke biye. In shekarar ta cika bai miƙa cikakkiyar buƙata ba, ranar ta bi ruwa.

MaiLissafi:
Don a ga nauyin abin da Kofur ya faɗa. VA ba ta tara kaso kamar kuɗin kasuwa. In ya samu 50 na ciwon barci, za a fara da mafi girma: 50, saura lafiya 50. Kashi 30 na wannan 50 ɗin 15 ne, ya zama 65. Kashi 10 na ragowar 35 ya kai shi 69 a jadawalinsu, a zagaye zuwa 70. A kuɗin 2025, tsohon soja shi kaɗai mai kashi 40 yana karɓar dala 774.16 a wata, mai 70 kuwa 1,759.19, babu haraji. Kowane wata da ya wuce ba niyya a ƙasa, kusan dala 985 ce. In yana da mata da yara ya tabbata suna cikin fayil ɗinsa, Fom 21-686c.

Zongo_Bronx:
Ai abin ya zo da sauƙi. Ya je Iraƙi, ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara, dokar PACT, ta sojojin da suka shaƙi guba a bakin aiki, ta rufe shi. Ba ya buƙatar wata wasiƙar likita.

Kofur_Ritaya:
Zongo, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dokar PACT da aka sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022 ta lissafa cututtukan da ake ɗauka kai tsaye cewa aiki ne ya jawo su, kuma ɗaukewar numfashi cikin barci ba ta ciki. Abin da ke ciki da zai amfane shi: kumburin cikin hanci mai ɗorewa, ciwon kogunan hanci mai ɗorewa, da asma da aka gano bayan sallama. In yana da ɗaya daga cikinsu a takardar likita, wannan zai samu ba tare da wahalar kawo alaƙa ba, sannan ya jingina ciwon barcin a kansa. Tsani ne, ba ƙofa ba.

Zongo_Bronx:
Na karɓi gyara, na gode Oga.

Hajiya_Nas:
Bari in warware lambobin don a san me ake riƙe da shi. AHI adadin lokutan da numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai ne a cikin awa ɗaya ta barci, kowanne aƙalla daƙiƙa goma. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. To amma VA ba da AHI take yanke kaso ba. Ƙa'idar tana cikin kundin ƙa'idojin VA, 38 CFR 4.97, lamba 6847. Sifili ga wanda gwaji ya nuna ciwon amma ba ya damunsa. Kashi 30 ga mai yawan gyangyaɗi da rana a kai a kai. Kashi 50 ga wanda ke buƙatar na'urar taimakon numfashi. Kashi 100 ga wanda numfashinsa ya gaza har iskar kabon ta taru a jini, ko ɓangaren dama na zuciya ya lalace saboda huhu, ko aka huda masa maƙogwaro aka sa bututu. Mai AHI 8 da mai 60 duk 50 za su samu in likita ya ce suna buƙatar na'ura.

Abu biyu ya kamata su shiga fayil: cikakken rahoton gwajin barci, ba taƙaitaccen shafin farko ba, da takardar da likita ya rubuta na'urar. VA ba ta amincewa da ciwon sai da gwajin barci, na asibiti ko na gida. Kuma na'urar da mutum ya saya da kansa a intanet ba tare da likita ya ce dole ba, ba ta kawo 50.

Damagaram82:
Duk wannan bayanin kaso ba ya aiki sai an fara amincewa cewa ciwon na da alaƙa da aiki, kuma a nan gizo ke saƙar. Abu uku ake nema: ciwo da likita ya tabbatar yanzu, wani abu da ya faru a lokacin aiki, da ra'ayin likita da ya ɗaure su wuri guda. Na farko yana hannu. Na biyu da na uku su ne yaƙin.

Kada a yarda da “babu komai a takardunsa” sai an karanta su shafi bayan shafi. Ba sunan ciwon ake nema ba, sawunsa ake bi. A duba DD 2807-1, tarihin lafiyar da ya cike lokacin sallama, akwai tambaya kan yawan matsalar barci. A duba DD 2796 da ake cikewa bayan dawowa daga fagen daga. A duba inda ya je asibitin bariki da ciwon kai na safe, gajiya, ko hawan jini. Sai wanda mutane suka fi mantawa: DA 5500, takardar awon kitse. A shekarun da ya yi aiki da tef ake auna wuya da ciki, don haka in an taɓa auna shi, faɗin wuyansa na rubuce da kwanan wata. Wuyan namiji da ya kai inci 17 alama ce da likitocin barci ke kulawa da ita. In ba shi da kwafi, VA na da takardun asibitinsa na soja tun buƙatarsa ta farko, ya nemi fayil ɗinsa gaba ɗaya da Fom 20-10206.

Uwargida_Fayetteville:
A ƙara da shaidar mutane, Fom 21-10210. Mutum ba ya jin minsharinsa, na gefensa ke ji. Matarsa in sun yi aure yana cikin aiki, da wanda suka kwana ɗaki ɗaya a bariki ko tanti. Kuskuren da ake yi shi ne a rubuta “yana da ciwon ɗaukewar numfashi tun 2012”. Wannan hukuncin likita ne, mai duba fayil zai ture shi gefe. A rubuta abin da ido ya gani, kunne ya ji: minsharinsa na ratsa bango, sai ya yi tsit ƙirjinsa na motsi amma ba iska, in ƙirga har goma sha biyar, sannan ya zabura yana shaƙuwa kamar wanda aka riƙe wa wuya, sau da yawa a dare. A faɗi shekara, a faɗi bariki, a faɗi ko ya taɓa yin gyangyaɗi a kan sitiyari ko a bakin gadi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a shari'ar Buchanan ta 2006 ba za a watsar da shaidar mutane don kawai babu takardar asibiti ta lokacin ba.

Kowa ya rubuta da bakinsa. In takardu uku suka zo da jimloli iri ɗaya, an san hannu ɗaya ne ya rubuta.

Bakatsine_Houston:
Allah ya saka da alheri. Ya yi aure a 2013, don haka matar ta ga shekara huɗu na aikin. Wani ƙarin bayani: ya fita yana fam 185, yanzu yana 232, kuma yana shan mirtazapine, maganin damuwa, tun 2018. Ba zai fi sauƙi ya ce PTSD ce ta jawo ba?

Dan_Kumasi:
Haka kowa ke yi, kuma yana aiki. Ya rubuta cewa ciwo ne da ya biyo bayan PTSD, shi ke nan.

Damagaram82:
Kowa na yi, shi ya sa masu gwajin suka haddace amsar. Za su rubuta cewa wannan ciwo na jiki ne, tsokar maƙogwaro ke saki ta rufe hanyar iska, kuma yawan haɗuwar cututtuka biyu a jikin mutane ba ya nufin ɗaya ta haifi ɗaya. In abin da ke fayil layi ɗaya ne kawai, wannan amsar za ta ci.

Bayanin da Bakatsine ya ƙara shi ne gadar. Ra'ayin babban lauyan ma'aikatar mai lamba 1-2017 ya amince ƙiba ta zama matakalar tsakiya tsakanin ciwon da aka riga aka amince da shi da sabon ciwo. Tambaya uku likita zai amsa: shin ciwon da aka riga aka amince da shi, ko maganinsa, ya jawo ƙibar? Shin ƙibar ta taka muhimmiyar rawa wajen kawo ciwon barcin? Shin da ba don ita ba da ciwon bai zo ba? A 2020, a shari'ar Walsh, kotun tsofaffin sojoji ta ƙara cewa ko ƙara ƙibar kawai ciwon ya yi, dole a duba. Mirtazapine an san shi da buɗe ciki da ƙara nauyi, yana rubuce a takardar maganin. Gwiwa kuma ta hana gudu. Hanya biyu ke nan zuwa wuri ɗaya. Ya fitar da nauyinsa daga kowace ziyarar asibiti, ya jera da kwanan wata, ya sa alama a ranar da aka fara maganin. In layin ya tashi daga nan, takardar ta fi dogon surutu.

Dan_Kumasi:
Ban musa ba, amma akwai waɗanda hukumar ɗaukaka ƙara ta VA ta ba su a kan PTSD kai tsaye ba maganar ƙiba.

Kofur_Ritaya:
Akwai, sai dai hukuncin hukumar na mai shi ne kaɗai, ba ya ɗaure kowa a wata shari'a. Kuma ba sai an zaɓi ɗaya ba. A buƙata guda ya ambaci duk hanyoyin: ya fara tun cikin aiki, ko ya biyo bayan PTSD da gwiwa ta hanyar ƙiba, ko sun tsananta shi. Wannan na ƙarshen yana 38 CFR 3.310(b), kuma nan masu gwaji suka fi tuntuɓe. Su amsa “bai jawo ba” su yi shiru kan “ya tsananta”. Shari'ar El-Amin ta 2013 ta ce irin wannan ra'ayi bai cika ba.

Hajiya_Nas:
Game da wasiƙar likita, wadda suke kira nexus. Ba a neman tabbaci ɗari bisa ɗari. Ma'aunin shi ne hamsin-hamsin, kuma in hujjoji suka yi kusan kunnen doki tsohon soja ake ba wa. Kalmomin da ake so su fito a Turance su ne “at least as likely as not”. Likita ya rubuta “mai yiwuwa” ko “zai iya kasancewa”, an ɗauke shi hasashe. Ya faɗi takardun da ya karanta, ya kawo nauyi da kwanakin wannan mutumin, ya bayyana yadda kitsen wuya da na harshe ke matse hanyar iska, ya kuma fuskanci abin da ke adawa: shekaru, jinsi, shan taba in akwai, tazarar shekara bakwai. Wasiƙar da ta ɓoye waɗannan ita ce ta fi saurin faɗuwa. Darajar ra'ayi tana cikin dalilinsa, haka kotu ta ce a Nieves-Rodriguez, 2008.

Sarkin_Mota_Ohio:
Ina da tambaya a gefe. An ce in ba ka kwana da na'urar awa huɗu kowane dare za su ƙwace kason. Gaskiya ne? Mai PTSD da yawa ba sa jure abu a fuska.

Hajiya_Nas:
An gauraya abu biyu. Awa huɗu a kashi 70 na darare ƙa'idar masu inshora ce don su ci gaba da biyan kuɗin na'ura. Ƙa'idar kaso ta ce ana buƙatar na'ura, likita ne ke faɗin haka. Amma don Allah kada wannan ya sa a jefa ta ƙarƙashin gado. Ciwon da ba a kula da shi ba yana tura hawan jini, bugun zuciya ba daidai ba, shanyewar ɓarin jiki, ga haɗarin hanya. Wanda takunkumin fuska ke firgita shi ya nemi ƙaramin da ke zama a ƙofar hanci, ya sa na'urar ta fara da iska kaɗan tana hawa a hankali, ya riƙa sa shi da rana yana zaune na minti ashirin har jiki ya saba. In duk ya ƙi, akwai abin baki da likitan haƙori ke ƙerawa yana turo muƙamuƙin ƙasa gaba, kuma littafin aikin VA ya lissafa shi cikin na'urorin da ake karɓa. A gaya wa likita matsalar ya rubuta, kada a yi shiru.

MaiLissafi:
A kula da wani tarko. In ya samu asma ta hanyar PACT, ba za a ba shi kason asma daban da na ciwon barci daban ba. 38 CFR 4.96 ta hana haɗa su, kaso ɗaya ake bayarwa a kan wanda ya fi rinjaye. Na hanci kuwa, lamba 6522, ba ya cikin wannan hanin, ana iya ba shi nasa.

Agadas_201:
Waɗanda suka yi aiki a sansanin Agadas ko na Yamai kafin janyewar 2024 fa? Ƙurar can ba ta da sauƙi.

Kofur_Ritaya:
Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen PACT. Jibuti, Masar da Somaliya suna ciki, Nijar babu. Don haka sai ya kawo hujjar abin da ya shaƙa da kansa: takardar turawa, DD 2796, shaidar abokan aiki. In fayil ya nuna ya yi aikin da ke da haɗarin shaƙar guba, dokar ta wajabta wa VA neman ra'ayin likita a kai. Ra'ayi kawai, ba amincewa ba.

Zongo_Bronx:
Wanda ya koma gida Kano ko Kumasi da zama fa, ya rasa?

Uwargida_Fayetteville:
Bai rasa ba. Diyya ba ta rataya a kan inda kake zaune ko takardar zama ɗan ƙasa ba, irin sallamar da aka yi maka ake dubawa a DD-214, takardar sallama daga soja. Ana shirya gwaji a ƙasashen waje ta hannun 'yan kwangila. Akwai kuma shirin VA mai suna FMP da ke biyan kuɗin jinya a ƙasashen waje, amma na ciwon da aka amince da shi kaɗai, rajista da Fom 10-7959f-1. Abin da zai fi ba shi aiki wuta ce. Yawancin na'urorin suna karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, ya duba jikin cajar, amma yana buƙatar batir ko inbata da za ta kai asuba, kuma kashe ɗumama ruwa yana rage cin wuta sosai. Lokacin hunturu matatar iska kan toshe da ƙura kafin lokacinta, ya tafi da spare masu yawa. Ruwan tukunyar kuma tataccen ruwa ake so, na rijiya yana barin farin gishiri.

Dan_Kumasi:
Mu dawo kan ƙanen Bakatsine. Ni ina ganin ya hanzarta, an ce za a soke 50 ɗin CPAP.

Damagaram82:
A Fabrairun 2022 VA ta buga shawarar sauyi: sifili in magani ya kawar da alamomi, 10 in sauƙin bai cika ba, 50 in magani bai yi aiki ba ko wani ciwo ya hana amfani da shi, 100 in ya taɓa wata gaɓa kamar zuciya. Shawara ba ta zama doka sai an buga ƙa'idar ƙarshe da ranar fara aiki, don haka ya duba 4.97 a ranar da zai miƙa. Wanda ya riga ya samu kasonsa, sauyin jadawali kaɗai ba ya rage masa, sai an nuna ya samu sauƙi. Dalili ne na sa niyya yau. Ba dalili ba ne na miƙa fayil fanko.

Dan_Kumasi:
A nan muka rabu. Ya miƙa yanzu, VA ta yi nata gwajin kyauta. In an ƙi, sai ya kashe kuɗi a wasiƙa.

Damagaram82:
Ana yin haka. Illarsa ita ce ra'ayi mara kyau zai zauna a fayil, duk likitan da zai zo daga baya sai ya rushe shi tukuna.

MaiLissafi:
Amfaninsa kuma shi ne ka ga ainihin dalilin ƙi, ka sayi amsar da ta dace da shi maimakon harbi cikin duhu. Ya danganta da aljihu da kuma ko likitan da ke duba shi zai rubuta ba tare da caji ba. A fara tambayarsa.

Kofur_Ritaya:
Ko wacce ya bi, ranar gwajin C&P, wato gwajin lafiyar da VA ke shiryawa kafin yanke hukunci, kada ya kuskure. Rashin zuwa ba uzuri na sa a yanke hukunci da abin da ke fayil, a wasu nau'o'in buƙata ma a ƙi kai tsaye. Wani lokaci ba za a kira shi ba sam, mai gwaji zai karanta takardu ne kawai, shi ya sa komai ya shiga kafin nan. In asibitin waje ya yi gwajin barcin, ya ɗora rahoton da kansa, ko ya cike 21-4142 da 21-4142a su nemo. In an kira shi, ya tafi da kwafin rahoton da jerin nauyin, ya faɗi gaskiyar yadda ranakunsa suke, ba ragi ba ƙari. Mu da al'adar “lafiya lau, alhamdulillahi” ko ana ciwo: a ɗakin gwaji za a rubuta ta yadda aka faɗe ta.

In hukunci ya zo da ƙi, ya karanta sashen abubuwan da aka amince da su, waɗannan sun zauna. Yana da shekara ɗaya. Sabuwar hujja, Fom 20-0995. Kuskuren mai hukunci ko gwaji mara cika, 20-0996, ba a ƙara hujja amma ana iya neman tattaunawa ta waya. Gaban alƙalin hukuma, 10182, ita ce mafi daɗewa. Muddin bai bar shekarar ta kuɓuce ba, ranar farko tana nan.

Sarkin_Mota_Ohio:
Kamfanonin da ke cewa za su kai ka 100 fa, su karɓi kuɗin wata biyar?

Uwargida_Fayetteville:
A nemi sunansu a jerin wakilan da ofishin babban lauyan VA ya tantance. In babu, ba su da izinin wakiltar kowa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW, American Legion da jami'an tsofaffin sojoji na gundumomi kyauta suke yi, Fom 21-22, kuma da yawansu na iya ganin fayil a kwamfuta har da rahoton mai gwaji. Lauya da aka tantance ba ya cajin buƙatar farko, sai bayan hukunci, kuma kashi 20 na ariyas shi ne abin da doka ke ɗauka daidai. Kada ya ba kowa kalmar sirrin shiga asusunsa.

Bakatsine_Houston:
Madalla. An shigar da niyya da yammacin nan. Ya ce hancinsa na toshewa kusan kullum tun Kuwait amma bai taɓa kai wa likita ba, maganin kanti yake fesawa. Ya sa shi cikin wannan buƙatar ko ya bari?

Hajiya_Nas:
Ya ga likitan hanci da maƙogwaro tukuna, a leƙa da madubi a rubuta suna da girman toshewar, don lamba 6522 na neman fiye da rabi a ɓangarorin biyu ko toshewa gaba ɗaya a ɗaya kafin a ba da 10, 30 kuma in akwai tsiro. Ya faɗa masa sunan abin da yake fesawa. In irin oxymetazoline ne, wuce kwana uku a jere yana dawo da toshewar da ƙarfi, kuma mai gwaji zai iya ɗora laifin a kansa.

Damagaram82:
Kuma niyya ɗaya buƙata ɗaya take riƙewa: wadda ya fara miƙawa ita za ta cinye ta. In yana son hanci da barci su ci ranar yau, su tafi tare a 21-526EZ guda.